Daga Mazari Zuwa Kwarashi Mai Ƙota: Tarihin Hannun Matan Gwarzo da Kabo

Muna godiya ga Allah da ya nuna mana zagayowar ranar da aka kafa ƙungiyarmu, Allah ya jiƙan waɗanda aka fara da su ba su kawo yau ba.

Shugabanni sun ce kowace ta kawo tarihin sana'ar da ta sani. Ni 'yar kasuwa ce, ulu da kwarashi da kayan jarirai nake sayarwa, karatuna kuwa na ajin yaƙi da jahilci ne. Na zaɓi in yi magana a kan kwarashi saboda wani abu da ke damuna. Da yawa daga cikin iyayenmu da suka koya mana saƙa sun ajiye ta, alhali idonsu ras yake, basirarsu kuma tana nan. In ka tambaya sai a ce, "Hannun ne ya ƙi." To mace mai saƙa in hannu ya ƙi, ai jari ne ya karye. Shi ya sa na ga ya kamata mu waiwaya mu ga inda wannan ɗan ƙarfe ya fito, da abin da yake yi wa hannu, da yadda za mu zaɓi wanda zai bar mu mu tsufa muna aiki.

Kafin zuwan kwarashi

Zare ba baƙo ba ne a ɗakin mace a wannan ƙasa tamu. Duk wadda ta tashi a Getso ko Kutama ko Lakwaya, ko can Garo da Gude da Durun, ta ji labarin kaɗi a bakin kakarta, in ma ba ta gani da idonta ba. Ƙasarmu ta yi iyaka da ƙasar Katsina, hanyar Dayi da Malumfashi har Funtuwa, yankin noman auduga tun tale-tale. In an tsinci auduga, mace za ta gurje ta a kan magurji ta fitar da gurya, ta yi shiɓa da ɗan baka har ta yi laushi, sannan ta jawo taskira da mazari ta hau kaɗi, tana shafa alli a yatsa don kada mazarin ya riƙa zamewa. Abin da ta kaɗa siriri mai ƙarfi shi ne zare, mai kauri da taushi kuma abawa. Masaƙa su saya, marina su rina, fatake su ɗauka.

Wani Bature ɗan Jamus mai suna Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya zo Kano a 1851. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Kun ga kowane zaren da ke jikin waɗannan riguna, yatsun wata mace ne suka murza shi a wani ƙauye irin namu. Da kuɗin kaɗin nan ake tara wa 'ya mace kayan ɗaki, ake yin biki, ake fita kunyar suna.

Ku duba mazarin kansa. Ɗan tsinke ne da gululu na yumɓu, a nan gida ake yin sa, kuma mace ce ke zaɓar nata. Mai kaɗa zare siriri ta ɗauki mai ƙaramin gululu, mai abawa ta ɗauki babba. Murza shi ake a sake shi ya yi ta juyawa, ba a damƙe shi. Shi ya sa za ka ga tsohuwa tukuf, ba haƙori ko ɗaya, amma tana kaɗi tana hira.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yadin kanti ya ƙara yawa a kasuwanni, kamfanonin Turawa kuma suka shiga sayen auduga ɗanya suna fita da ita. Daga baya aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Kano. Zaren inji ya fi araha, sai kaɗi ya riƙa ja da baya a hankali, har ya zama sai tsofaffi. Hannun mata dai bai zauna haka nan ba. Wasu suka koma ɗinkin hula, wasu saƙar faifai, wasu kuma suka kama sabon abin da ya shigo.

Inda aka haifi kwarashi

Sunan ma kansa baƙo ne. Daga harshen Faransa ya samo asali, ma'anarsa 'yar ƙugiya, bakin Bahaushe ya mayar da shi kwarashi. Saƙar ta bunƙasa ne a Turai, kuma tun a shekarun 1820 wata mujallar mata a ƙasar Holan ta fara buga bayanin yadda ake yin ta. A farko aikin matan masu hali ne, da kwarashin ƙashi ko na hauren giwa.

Abin da ya mai da ita sana'ar talaka yunwa ce. A 1845 cuta ta faɗa wa dankalin Turawa a ƙasar Ayilan, maƙwabciyar Ingila, shi ne kuwa tuwonsu. Mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka yi hijira. A cikin wannan hali aka riƙa tara mata da yara ana koya musu saƙar leshi da kwarashi, ana kaiwa birane ana sayarwa, gidaje da yawa da shi suka rayu. Ga abin da ya fi burge ni a labarinsu. Ba su da kuɗin sayen kwarashi, sai su ɗauki allurar ɗinki su gyara bakinta ya zama ƙugiya, su soke ta a jikin toshiyar kwalba ko guntun itace don su sami abin riƙewa. Wato tun wancan lokaci, matan da suke saƙa daga safe har dare don a ci abinci sun gane cewa tsirarar ƙarfe ba ta riƙuwa, sai da ƙota.

Da masana'antu suka karɓi aikin, sai suka riƙa bugo shi sumul, ƙarfe ɗaya tun daga kai har gindi, da ɗan faffaɗan wuri a tsakiya inda ake rubuta lamba. Daga baya aka koma alminiyom da roba. Irin wannan ya fi sauƙin ƙerawa, ya fi araha, kuma shi ne ya iso gare mu.

Yadda ya shigo ɗakunanmu

Ta hanyar makaranta ya fi shigowa. A 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina, kuma aikin hannu irin ɗinki da saƙa yana cikin abin da ake koyarwa. Malamai mata da ma'aikatan asibiti da matan ma'aikata da ake yi wa canjin wurin aiki, su suka riƙa yawo da shi gari gari. Yarinya ta koya a firamare, ta dawo gida ta koya wa yayarta da ke ɗakin miji. Da yawa cikinmu da tsinken tsintsiya muka fara koyon saƙar kibiya, kwarashin farko kuwa na wayar keke ne ko ƙarfen tsohuwar lema, maƙeri ya lanƙwasa baki ya goge.

A 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aka kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano. Azuzuwan mata da suka biyo baya ba karatu da rubutu kaɗai suka tsaya ba, har da sana'a. A 1986 aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu, darajar Naira ta faɗi, kayan waje suka yi tsada, rigar sanyin jariri ta kanti ta fi ƙarfin talaka. Shekara ta zagayo, a 1987, Hajiya Maryam Babangida ta fito da shirin kyautata rayuwar matan karkara, aka riƙa ƙarfafa wa mata gwiwa su haɗu ƙungiya ƙungiya, aka buɗe cibiyoyin koyon sana'a. Daga nan saƙa ta tashi daga abin kashe lokaci ta zama abin neman kuɗi. Da an kawar da amfanin gona sai a shiga birni a saro ulu a Sabon Gari ko Kwari, a hau hula da safa da riga da shawul, don kafin hunturu ya kankama a Disamba kaya sun haɗu. Ga kayan barka, ga na suna, ga marufin kwano da shimfiɗar kan tebur na ɗakin amarya.

Keken saƙa ya zo, masu hali suka saya, yana fitar da rigar sanyi cikin ɗan lokaci. Amma aikin kibiya yake kwaikwaya. Saƙar kwarashi ta ainihi har yau hannu ke yin ta, a nan da ko'ina a duniya. Duk hular kwarashi da kuka gani a kan jariri, wata ce ta ja zaren nan ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne darajar sana'ar, shi ne kuma nauyinta.

Abin da ƙarfen yake yi wa hannu

Maza, ku ne shaida a nan. Akwai manomin da zai je gona da ruwan fartanya ba ƙota? In ma zai sayi ƙotar, sai ya jinjina ta, ya ga kaurinta ya dace da tafinsa, ya shafa ya ji ba sartse. To mu shekara da shekaru da ruwan fartanya muke noma.

Kwarashin da ake saƙa kayan jarirai da shi kaurinsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, bai ma kai fensir ba. Abu in ya cika siriri, dole yatsa ya matse shi da ƙarfi kafin ya tsaya, ga santsi, ga gumi. Babban yatsa da manuniya su ke ɗaukar wannan nauyi, wuyan hannu kuma yana ta juyawa, sau dubbai kafin shawul ɗaya ya ƙare. Sai kanta ta fito a yatsa, gindin babban yatsa ya fara zogi, ciwo ya haura gwiwar hannu har kafaɗa.

Akwai wata jijiya da ke bi ta wata 'yar siririyar hanya a wuyan hannu, ita ke kai ji zuwa babban yatsa da manuniya da na tsakiya. In wurin ya kumbura ya danne ta, sai yatsun nan su riƙa sagewa, ko a ji kamar kiyashi na yawo a ciki, ya fi tsanani da dare har ya tashi mutum daga barci. Mai juna biyu da mai ciwon suga sun fi saurin kamuwa. Ku tuna fa, wannan hannun shi ne ya yi daka da safe, ya tuƙa tuwo, ya matse wanki, ya ja guga, ya ɗauki goyo. Saƙa a kan gajiya take zuwa.

Iyayenmu ba su karanta sunan jijiya ba, amma hannunsu ya gaya musu. Shi ya sa in ka buɗe jakar tsohuwar masaƙiya za ka ga kwarashinta an naɗe shi da tsumma, wani da filasta, wani da robar tsohuwar tayar keke, wani an zura shi cikin bututun biro. Dabarar matan Ayilan ce sak, ba tare da sun taɓa jin labarin juna ba.

Zuwan mai ƙota

Masu ƙerawa sun daɗe kafin su waiwayi abin da matan suka gane tun farko. Yanzu kam akwai kwarashin da tun daga masana'anta aka yi masa mariƙi mai kauri da taushi, daidai da tafin hannu. Kamfanin Clover na Japan yana da wanda ake kira Amour, kowace lamba da launin mariƙinta. Kamfanin Tulip, shi ma na Japan, yana da Etimo. Addi na Jamus yana da Swing, mai lanƙwasasshen mariƙi kamar buroshin goge baki. Akwai kuma na Sin masu yawa da ake sayarwa jere a cikin 'yar jaka, su ne suka fi zuwa kasuwanninmu, a cikinsu akwai nagari akwai na banza.

Amfanin ƙotar a bayyane yake. Tunda ta cika hannu, ba sai an matse ba, nauyin ya bazu a tafi maimakon ya taru a kan yatsu biyu. Robar ba ta zamewa da gumi, kuma ba ta ɗaukar sanyi da asubar hunturu kamar ƙarfe. Su waɗancan masu suna, bakinsu ma a goge yake sumul, ulu yana wucewa ba ya sarƙewa, ba a fizga.

Sai dai tsada. Kuɗin guda ɗaya na asali zai sayi na gama-gari masu yawa. Nan ne ya kamata mace ta yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma tsada ma ba ita ce shaida ba. Wanda ya yi wa hannun Hajiya daidai, ba lalle ya yi wa naki ba.

Yadda za ki zaɓa

Da farko ki san riƙonki. Riƙo iri biyu ne: akwai mai riƙe shi kamar biro, akwai mai kife hannu a kansa kamar ta riƙe wuƙa. Na lura a ajinmu, waɗanda suka fara saƙa tun ba su iya rubutu ba sun fi yin riƙon wuƙa. Kowanne daidai ne. Mai riƙon biro, miƙaƙƙen mariƙi marar nauyi ya fi mata. Mai riƙon wuƙa ta duba tsawo, kada gindin ya tsaya a tsakiyar tafinta yana sukarta, kuma ita ce mai lanƙwasa ya fi karɓa.

Kada ki saya a leda a rufe. Ki zo da guntun ulunki, ki ce a ba ki ki gwada. Ki ja sarƙa, ki yi layi ɗaya ko biyu a nan gaban mai kaya. Mu masu sayarwa na gaskiya ba ma jin haushin haka. In kin ji yatsunki sun saki jiki, kafaɗarki ta sauko, to kin samu.

Ki shafa bakin a jikin mayafi mai laushi ko leda. In ya kama ko ya ja zare, akwai kaifi, zai riƙa tsaga miki ulu kina ƙara ƙarfi. Ki riƙe ƙarfen da hannu ɗaya ki murɗa mariƙin da ɗayan. In ya juya ko ya yi motsi, ajiye shi, ba zai kai ƙarshen hunturu ba. Ki matsa robar da farce: wadda ta cika tauri ba ta da maraba da ƙarfe, mai danƙo kuma za ta kwashi ƙura ta yi baƙi.

Ki karanta lambar. Nan karatunmu na yaƙi da jahilci ya yi rana. Lambar milimita ita ce abin dogaro, don lambobin Ingila da na Amurka sun saɓa wa juna. Zare siriri na marufin kwano yana son 1.5 zuwa 2, ulun jarirai 3 zuwa 4, mai kauri na hula da bargo 5 zuwa 6. Yawancin dunƙulen ulu akwai lambar da ta dace da shi a jikin takardarsa. In ke mai matse saƙa ce, ƙara rabin lamba, hannunki zai huta, kayan ma su fi taushi a jikin yaro. Kuma yawancin ulun da muke sayarwa na roba ne, ya fi gudu a kan bakin alminiyom, a kan bakin roba kuwa yakan yi ta ƙara yana cijewa.

Ba sai kin sayi jere guda ba. Kowace masaƙiya tana da lamba ɗaya ko biyu da take kwana a kansu. Ki sa kuɗinki a kan waɗannan, sauran ki naɗe su da tsumma irin na iyayenmu, ko ki kai wa masassaƙi ya fafe miki 'yar ƙota ta itace marar nauyi. Wallahi wata ƙotar masassaƙin ba ta da abin kunya a gaban ta kanti.

Ƙota ba ta maye gurbin hutu. Bayan kamar rabin awa ki ajiye, ki buɗe yatsu, ki girgiza hannu, ki miƙe ki taka. Ki sa matashi a cinya ya tallafi gwiwar hannu. Ki nemi haske, don saƙa a duhu tana sa a ƙanƙame jiki. In kuwa sagewar ta kai tana tashinki da dare, ko kofi ya fara suɓuce miki, a daina cewa sanyi ne ana shafa man zafi kawai. A je asibiti, ga na Gwarzo kusa, in abin ya fi ƙarfinsu ga asibitin ƙashi na Dala. Jijiyar nan in ta daɗe a danne, naman gindin babban yatsa yakan zube, kuma ba kullum yake dawowa ba.

Abin da nake roƙo

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, dalilin kafa ƙungiya ke nan. Ina ba shugabanni shawara, yadda muke haɗa kuɗi mu saro ulu da taki, a haɗa a saro kwarashi masu ƙota iri uku ko huɗu a ajiye a wurin taro. Kowace ta karɓa ta yi mako da shi a gida ta dawo da shi, ta gane wanda ya dace da ita kafin ta fitar da kuɗinta. Waɗanda suka zaɓa a yi musu sari ɗaya, a biya kaɗan kaɗan kamar zubin adashi. A fara da iyayenmu da suka ajiye saƙa, ko Allah zai sa wasu su dawo, don akwai zanen da in suka tafi da shi ba mai sake fitar da shi. Yaran da muke koya wa kuma a ba su mai ƙota tun ranar farko, kada su gaji kantar da muka gada.

Ku kuma mazajenmu da samarin 'ya'yanmu masu zuwa birni, in za a yi wa Inna ko uwargida tsaraba, ga abin da za a riƙa tunawa da ku kullum aka zauna saƙa. A dai tambaye ta lambarta kafin a tafi.

Kakanninmu sun kaɗa zaren da ya kai Tarabulus, kuma sun yi kaɗi har tsufa saboda sun zaɓi mazarin da ya dace da su. Mu ma mu zaɓa. Allah ya ba mu lafiyar hannu da ta ido, ya sa albarka a sana'armu, ya maimaita mana wannan rana. Amin summa amin.